Hula a Kan Gwiwa

Ni mutum ne mai waswasi, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Nakan gama alwala in dawo in sake, don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba. Lokacin da nake sayar da lemo a kasuwar Zuba, idan akwai guda mai tabo a kashi, shi nake ɗorawa a sama in juyo da tabon waje, mai saye ya gani da idonsa. 'Yan rumfarmu sun sha cewa ni kaɗai ne ɗan kasuwar da yake kushe kayansa da bakinsa. Mai waswasi suke kirana, har na saba amsawa. Iyakar karatuna firamare, a ƙauyenmu can wajen Zariya. Na faɗi wannan tun da wuri ne don mai karatu ya san irin mutumin da ya taɓa miƙewa a gaban jama'a ya tsaya wa mai shirya labari, kuma har yau bai janye ba.

Abin ya faru ne a shekarun da gwamnati take kwashe kayanta daga Legas tana dawowa Abuja. Kullum sai mun ga tireloli sun biyo ta Gwagwalada sun wuce ta gabanmu, ɗauke da tebura da kujeru da kabad na ƙarfe, da fayil-fayil an ɗaɗɗaure su da igiya kamar itacen girki. Mu kuwa motocin lemo muke jira daga Binuwai, kuma ba su da lokacin zuwa. Wata rana da hantsi, wata rana sai an yi la'asar ba labari. Saboda haka akwai wani dogon benci a bakin rumfa, inda muke zaman jira.

A wannan bencin ne ladaninmu yake zama. Tsoho ne ɗan asalin yankin, kowa Baba yake ce masa. Da manomi ne, gonarsa tana cikin wurin da birni ya cinye. Aka tashe su, shi ya gangaro Zuba da wani ɗan faifai yana kasa lemon tsami. Ƙaramin masallacin 'yan lemo da hannunsa aka kwaɓa ƙasarsa, kuma tun ranar da aka fara salla a ciki shi yake kiran salla. Ba a ba shi komai. Amma na tabbata da za a ce ya zaɓa tsakanin faifansa da kiran sallar nan, faifan zai bari. Ya taɓa gaya mini, ba da wasa ba, cewa tun da aka raba shi da gona, wannan ne kaɗai abin da idan bai tashi ya yi ba wani zai lura.

Baba yana da wata al'ada da duk ɗan rumfar ya sani. Idan hularsa tana kansa, maganarsa kamar an buga hatimi ce. Ko "ina zuwa" ba ya cewa idan ba zai dawo ba. Idan direba da dillali suka yi gardama a kan ko lemo ya iso a ruɓe ne ko a hannunmu ya ruɓe, Baba ake kira ya duba, abin da ya faɗa shi ke nan. Amma idan jira ya yi tsawo, sai ka ga ya kai hannu ya tuɓe hular, ya kife ta a gwiwarsa ta dama. Daga nan har ya mayar da ita, duk abin da ya fito daga bakinsa shiri ne. Tarihin ƙasar nan yake ɗauka ya sake ɗinka shi yadda ya ga dama. Dokar bencin kuwa ita ce ba wanda zai ce masa ƙarya ne. Tambaya kawai aka yarda ka yi.

"Ranar da Bature ya haɗa Kudu da Arewa," in ji shi wata rana, hula a gwiwa, "kakana yana wurin. Shi ne mai riƙe wa tela almakashi. Bature ya zo Lakwaja da ƙyalle biyu, ɗaya shadda ɗaya atamfa, ya ce a haɗa masa su zama riga ɗaya. Ana jibi salla ne, ɗinki ya yi wa tela yawa. Sai ya ɗan kakkama masa da zaren hannu, ya ce sa haka ka yi salla da ita, bayan salla ka dawo in bi maka da keke. Bature ya sa, ya ga ta zauna, bai koma ba. To ita ce a jikinmu har yanzu. Shi ya sa ake hana ku ɗaga hannu da ƙarfi."

Wani dillali ya ce, "Baba, Bature yana bikin salla ne?"

"Wannan yana yi. Rago biyu ya yanka, kakana aka ba wuya."

Wata rana kuma ya ce lokacin ƙidayar farko malaman ƙidaya sun je gindin Dutsen Zuma, suka ga yana da fuska, suka yi sallama. Shiru. Suka tambayi shekarunsa. Shiru. Suka ce mata nawa? Shiru. Babbansu ya ce, mutumin da ya kai girman nan kuma ya iya shiru haka, huɗu gare shi, rubuta.

Nakan yi dariya, ba zan ce ba na yi ba. Amma hannuna a baki nake yi, bayan an watse in bi da istigfari, saboda na sha jin malamai suna jan kunne a kan mai ƙarya don a yi dariya, kuma ban san ko mai sauraro yana da kaso ba. A ƙarshen benci nake zama, idona a kan hular. Idan iska ta ɗan motsa ta sai gabana ya faɗi, don ban san matsayin maganar da za a yi hula tana ƙasa ba.

Cikin waɗanda suka taso daga Legas akwai wani babban ma'aikaci, Bakatsine, da ya daɗe a can har Hausarsa ta fara gauraya. Oga muke ce masa. A wurina yake sayen lemo, kwando guda duk mako, ya ce ni ne mutum na farko da ya taɓa ce masa kada ya sayi na yau, tsami gare shi. Mutumin kirki ne, wannan ba zan danne ba. Wata rana la'asar ta riske shi a wurinmu ana yayyafi, ya shiga masallacinmu, rufin ya ɗiga masa a wuya tun daga kabbarar farko har sallama. Bayan kwana uku sai ga mota ta sauke bandir ɗin kwano sabo fil a gefen masallaci. Muka jingine shi da bango muna jiran kafinta ya gama wani aiki a Gwagwalada.

A cikin wannan jiran ne Oga ya zo wata rana da yamma, lemona ya ƙare, mota ba ta iso ba. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ka ɗan zauna a benci, yanzu za ta shigo." Ni na share masa wuri da hannuna. Ni na zaunar da shi kusa da Baba. Lokacin kuwa Baba ya riga ya tuɓe hula, tana gwiwarsa tun kafin Oga ya fito daga mota.

Oga ya gaishe shi, ya ce, "Baba, an ce kai ɗan nan ne tun asali. An ba ni aikin rubuta ɗan jawabin maraba ga baƙin da za su zo ganin sabon birni. Ina son abin da ba ya cikin fayil. Yaya aka yi aka zaɓi wurin nan?"

Baba ya gyara zama. "Ai a gabana aka yi. 'Yan safiyo ne, masu auna ƙasa, suka zo da na'urarsu mai ƙafa uku, suka yi mako suna leƙe. Suka gano tsakiyar ƙasar nan daidai, suka kafa turke na ƙarfe. Ka san inda suka kafa shi? Nan. Inda masallacin nan yake. Suka tafi Kaduna su kai rahoto. Da yamma wani Bafulatani ya biyo da shanu, maraƙinsa yana ta guje masa, ya ga turke mai kyau ba mai shi, ya tuge ya rataya a kafaɗa. Ya yi ta tafiya gabas har ya sami ciyawa, ya kafa ya ɗaure maraƙi ya kwana. Da safe ya kwance abinsa ya bar turken a nan. Da 'yan safiyo suka dawo da manya, suka nemi turke a Zuba babu. Aka bazama nema. Can aka gan shi. Babban cikinsu ya ji kunyar ya ce ba nan ba ne, sai ya ce yawwa, ga shi nan inda muka bar shi. To can aka gina birni. Da ba don maraƙin nan ba, da yanzu a rumfar lemo kake da ofis."

'Yan benci suna ta murmushi, suna jiran wanda zai yi tambaya. Oga kuwa sai ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya fara rubutu.

A nan ne laifina yake, kuma zan faɗe shi dalla-dalla. Na ga biron yana tafiya, na san bai san zancen hula ba. Na buɗe baki sai na tuna idan na ce wannan shiri ne, na karya dokar benci, kuma na kira dattijo maƙaryaci a gaban baƙo. Na ce to bari in raɗa masa a kunne, sai na ga kamar rashin ladabi ne talaka ya kai baki kunnen babban mutum. Na ce watakila ma ya gane, rubutawa yake don ya ba iyalinsa dariya, idan na yi magana na mayar da shi wawa. Ina cikin wannan juye-juyen motar lemo ta shigo, benci ya watse, kowa ya ruga. Baba ya mayar da hularsa ya tafi alwala. Na cika wa Oga kwandonsa, na kai masa har but ɗin motarsa. Sai da motar ta hau titi sannan bakina ya buɗe. Na bi ta da gudu ina kira, ba wanda ya waiwayo.

Ban san ofishinsa ba. Na tambayi direbobin tasha, kowa ya ce birnin ofis ne ko'ina, wanne? Kwana tara abinci ba ya shiga mini. Matata ta ce ko dai mayu ne. Na je na gaya wa Baba, ya ce, "Na ga yana rubutu, na ɗauka ka gaya masa. Kai ka kawo shi." Wannan maganar ta ƙara mini nauyi, domin gaskiya ce.

A rana ta goma Oga ya dawo, ba kwando a hannun direbansa. Bai ko kalli lemona ba. Ya wuce kai tsaye wurin shugaban 'yan lemo, wani Alhaji Bakano mai sanyin hali da ba ya son rigima ko kaɗan. Daga inda nake ina jin muryarsa. Ashe ya sa labarin turke a jawabinsa, ya ce daga bakin wani dattijo ladan da aka yi a gabansa. Ya karanta a gaban manya da baƙi. Cikin masu sauraro akwai wani tsohon ɗan safiyo da aka yi ainihin aikin da shi. Mutumin ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa. Tun daga ranar, in ji Oga, duk inda ya bi a ofis sai ya ji wani ya yi kukan maraƙi a bayansa.

Abin da ya nema ɗaya ne. Ya ce mutumin da zai kalli idonka ya shirga maka ƙarya bai cancanci ya kira mutane salla ba. Ko a sauke Baba daga ladanci, ko ya kwashe kwanonsa. Damina kuwa ta riga ta kama.

Aka ce a zauna bayan azahar a ƙofar masallaci. Liman yana nan, shugaba yana nan, 'yan rumfa sun kewaye. Baba ya zauna a gefen tabarma, hularsa a kansa, ya tattara hannuwansa a cinya. Ban taɓa ganin ya yi ƙanƙanta haka ba. Na ji wasu a baya suna cewa ai dama tsufa ya zo masa, muryarsa ma ta fara rawa, a samo wani a huta. Mutanen da jiya-jiya suke riƙe ciki don dariyar labarinsa.

Oga ya ce, "Ba na son dogon turanci. Akwai mutum ɗaya a nan da na san ba ya ƙarya. A kira mai lemona."

Na fito tsakiya.

"Malam, wannan dattijon ya ce mini an kafa turke a nan, Bafulatani ya cire. Ya faɗa ko bai faɗa ba?"

"Ya faɗa, ranka ya daɗe."

"Ya ce a gabansa aka yi?"

"Ya ce."

"An yi?"

"Ba a yi ba."

Oga ya buɗe hannuwa ya kalli liman. "Shi ke nan. Me ya rage?"

Shugaba ya yi gyaran murya, na san abin da zai biyo baya, zai ce a yi haƙuri Baba ya ɗan huta. Ni kuma an gama da ni, an ce in koma. Amma sai na kasa motsi. Abin da ya riƙe ni ba jarumta ba ce, waswasin nan ne dai. Na ga duk amsoshina uku gaskiya ne, amma idan na tsaya a nan, abin da mutane za su tashi da shi ba gaskiya ba ne, kuma da bakina aka gina shi. Wannan ya fi tsorata ni fiye da fuskar Oga.

Na ce, "Ban gama ba."

Wani ya ce, "Kai mai waswasi, zauna mana."

"Ba zan zauna ba. An kira ni shaida, sai na ƙarasa. Ranka ya daɗe, lokacin da Baba yake maka labarin nan, ina hularsa take?"

Oga ya ɗaure fuska. "Me ya haɗa ni da hularsa?"

"A gwiwarsa take. Duk wanda yake wurin nan ya san idan tana gwiwa, shiri ne. Mai shayi ya sani, direbobin Binuwai da Hausarsu ba ta nuna ba sun sani. Kai kaɗai ne ba ka sani ba, kuma ni ya kamata in gaya maka, ni na zaunar da kai. Na ga kana rubutu na yi shiru, saboda tsoro. Idan akwai wanda ya cuce ka, ga ni nan. Ka daina sayen lemona, na yarda. Amma mutumin nan bai yaudare ka ba. Ya ɗaga maka alama tun kafin ya buɗe baki."

"Alama? Hula ce alama? Wane irin tsari ne wannan?"

"Namu ne," na ce. Ban san daga ina kalmar ta fito ba. "A nan ka same shi. Mu da za mu shigo ofishinku, ai sai mun tambayi ƙofar da ake bi."

Bakin ya riga ya ƙwace.

"Kuma tunda ana maganar wanda ya cancanta, bari in faɗi abin da na sani. Shekarun da na yi a rumfar nan ban taɓa kama Baba da kalma ɗaya ta banza hula tana kansa ba, kuma ku kun san ni, ina lura. Waɗanda suka je gonarsa da takarda suka ce masa inda za a mayar da su akwai ruwa akwai makaranta, hulunansu a kansu suke. Masu zuwa da jan fentin sa alamar rusau su ce mana ba za a taɓa rumfunanmu ba, hulunansu a kansu suke. Ba wanda ya taɓa tuɓewa ya ce ku yi hankali, yanzu zan shirya muku. Shi kaɗai ne a duk ƙasar nan yake yin wannan ladabin, shi kuma za a sauke? An karɓe masa gona bai ce komai ba. Abin da ya rage masa ya ɗan taɓa tarihin da aka yi a kansa mu yi dariya, sai kiran salla. Idan don kwano za a karɓe ɗaya, ni ba da ni ba."

Da na yi shiru sai na lura hannuna yana sama, ina nuna Oga da yatsa. Na yi maza na sauke, na ce, "Allah ya huci zuciyarka, yatsan kuskure ne. Maganar kuwa tana nan."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, aka harare shi.

Liman mutum ne mai jinkirin magana. Ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce shi a iya saninsa, labarin da mai faɗa da masu ji duka suka san shiri ne ya fi kusa da tatsuniya, ba da yaudara ba, muddin ba a taɓa addini ba kuma ba a ci mutuncin wani ba. Amma ya ce hula ba ta magana, baƙo kuma ba ya duba. Daga yau idan akwai baƙo a benci, Baba ya faɗa da bakinsa kafin ya fara. Ya juya ya ce, "Baba, an ji kunya ta dalilinka. Ka ba shi haƙuri."

Baba ya miƙe da ƙyar, ya je gaban Oga ya ɗan rusuna. "Ɗana, ka yafe mini. Wallahi ban so a yi maka dariya ba. Da na san inda za ka kai shi, da na riƙe hannunka."

Oga ya ɗan sassauta. Ya ce, "To ka yi alkawari a gaban liman ka daina waɗannan labaran, magana ta wuce, kwano ya zauna."

Shugaba ya ce da sauri, "Ai wannan mai sauƙi ne. Baba, ka ji."

Baba ya kai hannu ya danna hularsa ta zauna sosai. Ya ce, "Tana kaina, saboda haka ba zan ce maka zan daina ba. Ba zan iya ba. Idan jira ya yi tsawo, zan tuɓe."

Oga ya kalli shugaba, shugaba ya kalli ƙasa. Liman ya ce shi dai bai ga dalilin sauke ladan ba, kuma masallaci ba na sayarwa ba ne, amma kyauta ta mai ita ce, yadda ya ga dama. Oga ya kira direbansa. Kafin la'asar mota ta zo aka loda kwanon, muna tsaye muna kallo. Ƙarar kowane falle da aka jefa sai na ji kamar a kaina.

Ba zan ce na zama gwarzo a rumfar ba. Mutum uku suka daina amsa gaisuwata har bayan salla babba. Shugaba ya kira ni gefe ya ce, "Kai da ba ka iya ce wa kaza kyas, ranar da za ka yi baki sai ka zaɓi ranar kwano?" Oga bai sake sayen lemona ba. Na taɓa hango shi a wata rumfa can ciki ana cusa masa mai tsami a ƙasan kwando, na tashi zan je in gaya masa, na koma na zauna. Har yanzu idan na tuna kunyar da ya sha nakan ji ba daɗi, kuma na roƙi Allah gafarar shirun da na yi sau ba adadi. Na kuma sake kai tambayar labaran Baba wurin malamai biyu. Ɗaya ya ce babu laifi, ɗaya ya ce barinsu ya fi. Ban samu natsuwar da nake nema ba, kuma na san irina ba ya samu.

Amma a kan ko na yi daidai da na ƙi zama, wannan ban taɓa yin waswasi a kansa ba, shi kaɗai a duk rayuwata. Baba ya ci gaba da kiran salla har ƙafarsa ta daina kai shi masallaci. Damina biyu muka yi a ƙarƙashin tsohon rufin kafin 'yan rumfa su haɗa hannu a sake shi. Duk ranar da aka yi ruwa sahu yakan karkace, kowa yana neman busasshen wuri, ana waiwayena da ido. Akwai wani gurbi a sahun farko, ɓangaren hagu, inda ɗigar ta fi yawa, ba mai son tsayawa. Na ce a bar mini shi. Nakan fito rigata sharkaf a kafaɗa, wani ya ce, "Mai waswasi, yaya sanyi?" In ce masa lafiya lau, gobe ma a nan zan tsaya.